Ranar da Na Bar Matar Yayana a Hanyar Las Vegas

Canora, Saskatchewan
24 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Walter da yara da jikoki. Yaya gwiwar? Matata Darlene ta ce an sa miki ranar aiki a watan Yuni. Allah ya sa a yi a sa'a, ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Mu ma nan lafiya lau muke. Ƙanƙara ta narke a gonaki, ɗana Taras yana jiran ƙasa ta tsane ya fara shuka, ya kuma hana ni hawa tarakta, wai na tsufa. Matarsa na da ciki na uku, ana sa ran haihuwa kafin girbi.

Kin san ni da rubutu ba ma shiri. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ki a Halifax ina ajiyewa, don na san da na fara magana za ki tare ni ki nemo mini uzuri, yadda kike yi tun ina yawo ba takalmi. Wannan karon ba na son uzuri. Maganar Lesia ce, matar marigayi Yaya Orest, da abin da na yi mata ranar da muka baro Yuma, garin nan na hamadar kudu.

Shekara goma sha huɗu muna gudun hunturu zuwa can, kuma duk dawowa Yaya Orest ne ke gaba, mu muna baya. Dokarsa biyu ce, ya kuma ishe mu da maimaita su. Na gaba ba ya barin motar na baya ta ɓace a madubinsa, in kuwa na baya ya ƙyafta fitila, to a tsaya a mafita ta farko ba tambaya. In kuma an rabu, na baya ya tsaya inda yake, na gaba ne zai dawo. Bana da babu shi, ni na cika baki a gaban maƙwabta na ce zan ja ayarin. Lesia ta yi dariya ta ce yau Auta ya zama jagora, sai mu ga inda za mu kwana. Na ce mata matar yaya, ki dai riƙe sitiyari, kada ki tsaya gaisawa da kowace bishiya.

Kwana biyu muka yi muna rufe gidajen. Muka kashe ruwa daga tushe, muka liƙe tagogi da takardar azurfa, muka jera bokitan ruwa a ɗakuna don kada zafin bazara ya tsattsaga katako, muka raba ragowar abinci ga masu zama. Lesia ita kaɗai ta yi nata, ta ƙi yarda a taya ta. Ta tsinke lemun tsamin da Yaya ya shuka har na ƙarshe, ta cika kwali biyu. Layin wayarta na can kuwa tun ƙarshen Maris ta sa aka yanke, kamar kowace shekara. Na san da haka, Yaya, ba zan ce ban sani ba.

Ƙarfe biyar na asuba muka kama hanya. Rediyo ya ce ranar Alhamis dusar ƙanƙara za ta rufe hawan dutsen da ke tsakanin Idaho da Montana, sai na ƙudura a raina tafiyar da Yaya ke yi a kwana huɗu ni a uku zan yi ta, mu tsallake kafin ta sauko. Ban gaya wa kowa ba. Ita kuwa Lesia ba ta wuce mil hamsin da biyar a awa. Manyan motoci suna wuce mu suna hon, ni ina cin raina. Mun tsaya a Quartzsite, mun tsaya a Needles, kowace tsayawa sai ta buɗe kwandon abinci ta fito da tsiran nama da gurasa kamar mun zo shan iska. Darlene ta ce in daina kallon agogo, ana gani a fuskata. Bayan Searchlight barci ya ɗauke ta, ya rage daga ni sai madubi.

Wajen sha ɗaya da rabi, muna gab da shiga Las Vegas, inda hanya ke buɗewa motoci su taru ta ko'ina, na ga fitilar Lesia ta ƙyafta. Sau biyu, sannan sau biyu kuma. Na gani da idona, rana tsaka, ba hazo ba komai. Na ce a raina wani shayin ne kuma, ko bayan gida, in na tsaya yanzu cunkoson rana zai kama mu. Sai na yi biris na taka totur. Na ce dole ta biyo ni, ai hanya ɗaya ce. Da na fita daga garin na duba, babu farar motarta. A maimakon in juya, sai na ci gaba ina gaya wa kaina tana bayan wata tirela. Darlene ta farka ta tambayi ina Lesia, na ce tana tafe a baya. Haka na yi mil tamanin da ƙaryar nan a bakina, har Mesquite.

A can muka tsaya a gidan mai muna kallon hanya. Minti ashirin, minti arba'in, awa ɗaya. Duk farar motar da ta ɓullo sai in miƙe in leƙa. Darlene ta kira lambar Lesia, aka ce babu layin. Sai ta juyo ta tambaye ni a ina na gan ta na ƙarshe, na ce kafin gari. Ta shiga mota ta ɗaura bel. A hanyar komawa ne take gaya mini abin da kowa ya sani ban da ni: Lesia ba ta taɓa tuƙi a cikin Las Vegas ba. Duk shekara ita ke tuƙa hamadar da safe, in an zo bakin gari Yaya ya karɓa. Shekara goma sha huɗu ina bayansu, ina ganin suna tsayawa a wurin nan, ni a zatona mai suke sha.

Ƙarfe huɗu saura muka same ta, a gidan man da ke mafita ta farko, daidai inda doka ta ce. Tana zaune a kan akwatin sanyi a ɗan inuwar motarta, fuskarta ta yi ja, ga hular Yaya Orest a kanta. Awa huɗu ke nan da wani abu. Ma'aikatan wurin sun ce ta shigo cikin sanyi ta zauna, ta ƙi, wai kada Auta ya wuce bai gan ta ba. Tana ganinmu ta miƙe tana ba mu haƙuri. Ta ce tsoro ne ya kama ta da ta hango gadojin sama, ta kasa. Ta ce ta san rana ce ta haske mini madubi shi ya sa ban ga fitilar ba, ta kuma gode da na sha wannan doguwar hanya na dawo. Yaya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na buɗe baki na ce ba komai, ai an saba. Na karɓi godiyar tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu a kan abin da na yi mata da gangan.

Darlene ce ta tuƙa motar Lesia ta ratsa garin, muka kwana a Mesquite, wurin da Yaya ke kwana kullum. Dusar da nake gudu ba ta sauko ba sam. Mun tsallake dutsen ranar Juma'a, rana tana haskawa, titi a bushe.

Satin da ya wuce Darlene ta dawo daga coci ta ce Lesia ta sa gidanta na Yuma a kasuwa. Wai ta gane ba za ta iya hanyar ba, ba ta son ta zama kaya a wuyan mutane. Kin san abin da wurin nan yake a gare ta. Can ƙawayenta suke, can ƙirjinta ke samun sauƙi, nan kuwa wata biyar za ta yi a kulle ita kaɗai tana tari. Ranar Talata na tafi gidanta. Ta zuba mini kofi tana tsokanata da tumbi. Na ajiye kofin na ce mata laifin ba nata ba ne, na ga fitilar, ni ne na ƙi tsayawa.

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, “Na sani, Myron. Na ga jar fitilar birkinka ta kama, sannan ta mutu, ka ƙara wuta. Maganar rana na yi ta ne don Darlene tana tsaye, ban so ta ji daga bakina ba.”

Ni har na manta ƙafata ta taɓa birki. Na roƙe ta ta janye gidan, na ce baɗi ita za ta shiga gaba ni in bi ta, ko a mil arba'in ne, in mun zo gari Darlene ta karɓe ta. Ta ce ta yafe mini tun tana zaune a kan akwatin nan, kada in ƙara sa abin a raina. Amma ta ce ita ba za ta iya tuƙa mil dubu da ɗari bakwai tana tunanin ko za a tsaya mata ba. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu Auta take kirana. Ranar Talata har na fita Myron take cewa.

Abin da nake roƙonki ke nan, Yaya. Ba za a sa hannu a takardun ba sai tsakiyar Mayu, kuma tana jin maganarki fiye da ta kowa. Ki kira ta. Kada ki kare ni, kada ki ce Auta ba haka yake ba, don haka nake, na gani. Ki dai gaya mata kada ta bar gidanta saboda ni. In da wani ayarin za ta fi samun natsuwa, mutanen Yorkton, garin da ke kusa da mu, suna tafiya a motoci uku, ni da kaina zan je in roƙe su, in gaya musu dalili.

Ki gaishe mini da Walter, da Oksana da mijinta, da Danylo, da 'yan jikoki duka. Darlene tana gaishe ki, Taras da iyalinsa ma haka. Allah ya ƙara lafiya, ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai jin kunyar haɗa ido da ke,
Myron