Ɗangarafan Da Ka Hana Ni Koyo

Baba,

Gaisuwa da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta takardar nan ba, shi ya sa zan faɗi abin da na kasa faɗa a gabanka.

Ɗangarafan da ka sassaƙa mini na ƙarshe, takalman nan na katako, sun tsage. Na hagun ne ya fara, mai kaurin nan da kake ƙara wa yatsa uku don gajeriyar ƙafata ta kamo 'yar'uwarta. Wata biyu ke nan ina ɗingishi zuwa garkar albasa, ƙuguna kamar an kafa ƙusa. Na hau kabu-kabu daga Tama har kasuwar Madawa, masassaƙa biyu suka gwada. Turmi suka iya, ba ƙafar mutum ba.

Sau nawa na roƙe ka ka koya mini? Ka ce gizago ba na ɗiya mace ba ne. Ka koya wa yayana Ila, wanda bai taɓa so ba. Ka san abin da ya yi? Ko sadakar arba'in ba a yi ba ya ba wani maƙeri kayan aikinka, ya tafi Libiya.

Shekaranjiya jikarka Hadiza ta nuna mini wani tsoho a salula, a ƙasar Turkiyya, yana sassaƙa irin takalmanka na katako, na shiga wanka da alwala. Ɗiyarsa na zaune gefensa tana fafe dunduniyar, shi kuma yana gyara mata riƙo. Baba, ajiye salular na yi na shiga ɗaki. Me zai ragu gare ka da ka yi mini haka? Kai da ka san tsawon ƙafata fiye da kowa, ba ka taɓa tunanin ranar da ba ka nan ba?

Na je wurin maƙerin na karɓo gizagon. Na samu guntun icen aduwa, na fara sassaƙa ɗangarafan da kaina. Na farko ya karkace, na biyu ya ci mini babban yatsa. Ina kan na uku, kuma Hadiza ce ke riƙe mini icen.

Ina yi maka addu'a bayan kowace salla. Amma maganar yafiya, ka dakata sai na taka daidai.

Sai wata rana.

Ɗiyarka,
Rabi