Kofunan Umma da Na Fasa da Hannuna

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa ƙafarki sauƙi. Mu nan lafiya lau, Baba ya fara fita da kansa, Auta kuma ta gama jarrabawa.

Yaya, tun ranar Talatar da ta wuce na daina gane mutumin da nake aure. Kin san sana'arsa, ɗaukar hoton abu daidai lokacin da yake fashewa. Yakan toshe tagogin ɗakin aikinsa da baƙin yadi, ya rataye kwalba ko ƙwai da zare, ya ajiye wata 'yar na'ura mai jin ƙara a ƙasa. Abin na faɗowa, fitilar kyamara ta haska sau ɗaya. Ranar ya ce in zo in taya shi. Ni kuwa har da fesa turare, a zatona abin da nake karantawa a littattafaina na soyayya ne ya zo mini har gida. A cikin duhun ya danƙa mini almakashi, ya kama hannuna ya kai kan zaren, ya ce in ya ƙirga uku in yanke. Sau uku muka yi, ina ta dariya.

Da ya kunna wuta ya juyo mini da kwamfuta, sai ga kofin shayin marigayiya Umma, mai shuɗin fure, a tarwatse a iska, mariƙinsa da kika liƙa da gam yana tashi shi kaɗai. Ashe kofunanta uku na fasa. Shi kuwa murmushi yake, wai tangaram na yanzu kauri ne da shi, gida biyu kawai yake rabewa, na da ne ke watsewa da kyau. Wai kofunan nan ƙura kawai suke sha a kabad, kuma da ya tambaye ni da na hana. Ya share gutsattsarin ya zuba a shara tare da ɓawon ƙwai, ko haƙuri bai ba ni ba. Abin da ya fi ba ni ƙyama, Yaya, da hannuna ya sa na yi. Littattafan ma na kasa buɗewa, duk namijin da ya kama hannun mace a ciki almakashin nan yake tuna mini.

Jiya na ji shi a waya yana cewa saura kofi uku da butar shayin, da su zai cike hotunan da zai baje wa mutane.

Ki gaida maigidanki, da Goggo, da 'yan biyu. Kada ki gaya wa Baba tukuna. Na naɗe kofunan da butar a zannuwana. Ranar Asabar zan hau mota in taho da su wurinki, kuma ban sa ranar dawowa ba.

Taki,
Ƙanwarki