A Mayar wa Balki da Abin Shaƙarta

Zuwa ga Farfesa, shugaban masu binciken ciwon fuka da ke zuwa mana nan Mafara ranar kasuwa,

Ranka ya daɗe, kafin gaisuwa ga kacici-kacici, kai da duk mai karanta wagga takarda. Wane ne ke taka dutse a bakin ruwa, ya yi tsalle ya dira kan wani dutse can gaba, ƙafarsa ba ta jiƙe ba, ya koma gida ya rantse da Allah kogi ya ƙafe? Ajiye shi a kumatu kamar goro, kada ka tauna tukuna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina kwana, ina gajiya, ina aiki, ina iyali, ina sanyin ofis? Ina fata kana lafiya, kana jan numfashi har ƙasan ciki ba tare da ka roƙi kowa ba. Ni ce Tumba, tsohuwar nan da ta fasa madubin motarku. An ce ka tambayi sunana. To ga shi, da hannuna na rubuta, da ɗan bokon da na tsinta a yaƙi da jahilci, don kada a kama wani a kan aikina.

Na ɗaya. Balki ɗiyata ce. An harbe mijinta a hanyar Maradun, ya tafi sayo gero, anka kawo mana shi cikin tabarma. Ya bar mata 'ya'ya, ya bar ta da fukar da take fama da ita tun tana budurwa. Sana'arta gumi, wato turara shinkafa. Ta sayi shanshera, shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, wurin manoman Bakolori ranar kasuwa, Laraba ta jiƙa. Alhamis, Juma'a da Asabar tana tsaye kan duro, ɓuntu na ci a ƙasa, hayaƙi ya cika gida har kaji su fice. Lahadi shanya. Litinin a kai inji, ita tana wanki. Talata ta yi wanka, ta shafa mai, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta kai kasuwa. Duk matan unguwarmu masu gumi haka suke yi, don wadda ba ta kashe wuta da wuri ba, da ɗanyar shinkafa za ta je kasuwa.

Na biyu. Da kunka zo, kai da kanka ka tsaya gabanmu cikin farar shadda, ka ce za ku binciki ƙirazan mata masu aikin hayaƙi. Sau ɗaya ke nan na taɓa ganin fuskarka, kuma wallahi ba laifi, da na yi ƙuruciya da na gyara kallabi. Kunka ba Balki abin shaƙa biyu: mai ruwan ƙasa na kullum, da shuɗi na lokacin da abin ya taso. Zan faɗi gaskiya, maganin ya yi aiki. Na ji ɗiyata tana waƙa kan duro, abin da ban ji ba tun rasuwar mijinta. Kowace Talata kuma, bayan ta sayar, sai ta biya wurinku ta hura bututun nan da ke auna ƙarfin numfashi. A tambaye ta ya jiki, ta ce da sauƙi. Mu ko a cikin makara anka tambaye mu, abin da za mu ce ke nan.

Sai wata Talata ta dawo da shuɗi kaɗai. Wai wata na'urarku da ake ba awon bututun ta yi lissafi, ta ce ƙirjinta ya miƙe hanyar warkewa, ba ta bukatar na kullum. Har murna ta yi, sakarya. Ni ma na taya ta.

Na uku, kuma ina so ka karanta wanga wuri a tsaye. Ranar wata Juma'a da rana tsaka, maza duk suna masallaci, na ji ƙarar muciya ta faɗi. Na fito na iske Balki durƙushe gefen wuta, ta kama wuyanta da hannu biyu kamar wani ya zarga mata igiya yana ja daga baya. Ƙirjinta na kuka kamar usur. Idanu sun yo waje, leɓe ya yi baƙi, jijiyoyin wuya sun miƙe. Ta yage rigarta da kanta tana neman iska. Ta danna shuɗin, ta danna, ta danna, abin ya ƙi sakinta. Ta yaƙushe ni a hannu, ga tabon nan yana kallona yanzu da nake rubutu. Ta buɗe baki za ta ce Inna, ba iskar da za ta ɗauko kalmar. Mu mata munka jefa ta cikin baron ɗaukar shanshera, ƙafafunta na reto, munka tura da gudu, ni da tsufana ina faɗuwa ina tashi, gwiwata na jini. A ƙofar asibiti ta sandare. Na mare ta, ranka ya daɗe, na mari ɗiyata da dukkan ƙarfina, ina cewa ba ki isa ki riga ni ba. Ma'aikatan nan sunka sa mata iska a hanci, Allah ya maido ta.

Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Kafin Talata ta zagayo ta tashi, ta yi wanka, ta je ta hura bututunku, bututu ya ce lafiya lau.

Ran nan ne na ɗauko muciya. Na iske motar a gindin dalbejiya. Direba na cewa, “Haba Inna, haba Inna,” na ce masa ya matsa ko in fara da haƙoransa. Madubin na samu, ya tarwatse, kuma ƙarar ta yi min daɗi. Na'urar nake nema, anka ce tana can birni tare da kai. Allah ya so ku, ku duka biyun.

Na huɗu. Wanda ya tare ni shi ne Malam Nasiru, mai yi muku lissafi. Bai gudu ba, bai kira 'yan sanda ba. Ya tsugunna ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Ya ce, “Inna, numfashi abu ne mai hawa da sauka, magani na jan sa sama, hayaƙi na jan sa ƙasa. Irin wanga lissafi ba a yin sa gaba ɗaya. Na'ura takan tsaya inda anka auna, ta duba ina abin ya dosa, ta yi taku ɗaya, ta sake dubawa. In takun gajere ne, ba abin da ke wuce ta. Namu takun mako guda ne.”

Na ce masa, to ka rage mata taku mana, ko ƙafafun raƙumi gare ta?

Ya ce, “Rage taku ba ya da wuya a gare ni. Amma mi zan ba ta ta taka? Ba wanda ya taɓa auna Balki ranar da wuta ke ci.”

Ni ban san lissafi ba, ko awon shinkafa Balki ke kama ni da kuskure. Ba ni na gano wanga abu ba, yaronka ne ya gano, kuma ya ce ya faɗa maka tun kafin a janye maganin. Wai kai kuma ka ce masa hanya ba ta da kyau, mota ba ta shigowa sai cikin ayarin 'yan kasuwa, kuma sakamako yana kyau a haka. In ka taɓa Nasiru don ya gaya min gaskiya, zan hau motar kasuwa in zo, kuma ba madubi zan nema ba.

Batun hanya, ban ƙaryata ka ba. Ni kake gaya wa? Ni na wanke jinin surukina daga tabarma. Ban ce ka aiko ɗan kowa a harbe shi ba. Amma mu nan muke kwana, ma'aikatan asibitinmu nan suke kwana, kuma bututun nan bai kai girman tabarya ba. Mi ya sa yake komawa birni duk yammacin Talata kamar amarya?

Kada kuma a ce min ta daina gumi. An faɗa mata. Ta ce to, ta dubi 'ya'yanta, ta hura wuta.

Ga abin da nake roƙo, in roƙo ne. A mayar wa Balki da abin shaƙarta mai ruwan ƙasa a wagga Talata mai zuwa, ita da duk macen da na'ura ta yaye daga magani. A bar bututun a hannun ma'aikatanmu, su auna mata ranakun wuta, su aika wa Nasiru ta waya ya ba na'urarsa ƙananan taku. Kada kuma ka tsaya gaban manya ka ce matan Mafara sun warke, sai ka zo ka zauna a tsakar gidanmu ranar Juma'a. Zan shimfiɗa maka tabarma kusa da duro, in ba ka fura. In ka kai la'asar ba ka yi tari ba, ni zan nemo maka madubi.

Shinkafar bana ta nuna a Bakolori, an fara yanka. Wuta za ta ƙaru a kowane gida. Ƙirjin ɗiyata ba zai ɗauki wata Juma'a irin waccan ba, ni ma hannuna ba zai iya wani marin ba.

Allah ya ƙara maka ilimi, ya ba ka kunnen jin na ƙasa da kai. Allah ya tsare motarku a hanya, da sauran madubinta ɗaya. Allah kada ya nuna maka ɗanka yana neman iska a gabanka.

Wassalam.

Tumba, uwar Balki, kakar marayu, Talata Mafara.

To, yanzu tauna goronka. Lissafinku ne. Yana taka Talata, ya yi tsalle ya dira kan Talata. Kogin da ke tsakani Alhamis ne da Juma'a da Asabar. Bai ƙafe ba, kuma Balki tana cikinsa.