Kaset Daga Kukawa

Unguwar Matsaro,
Haɗejiya, Jihar Kano.
Nuwamba, 1984.

Zuwa ga yayana Ari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da duk mutanen Maiduguri. Yaya aiki, yaya ɗawainiya da mu? Mu nan lafiya lau, sai dai kogi bai kawo ruwa ba bana, fadama ta bushe tun shinkafa ba ta yi ido ba.

Kaset ɗin mahaifiyarmu Ya Fanna ya iso. Kawu direba, mai ɗauko banda daga Baga, shi ya miƙo shi ranar kasuwa, a naɗe cikin tsumma. Tun kafin in kwance na ji ƙamshin turaren ɗakinta, sai da na nemi wuri na zauna.

Ka san maigidana Malam Tukur ya sayo rakoda wajen wani alhaji da ya dawo daga Makka, ƙirar National, mai ruwan azurfa, da mariƙi a sama. Har riga na ɗinka mata da ragowar leshi. Da na ce zan sa kaset ɗin, gidan duka ya taru, har Hajiya surukata ta sa aka shimfiɗa mata tabarma. Ina dannawa sai ga Ya Fanna tana magana iya ƙarfinta, kamar daga Kukawa take so in jiyo ta da kunnena, tana ta tambayarka, "Ya kama? Ari, ya kama?" Matan gida suka yi ta dariya, alhali ko kalma ɗaya ba sa ji. Hajiya ta ce in fassara. Na fassara gaisuwa da addu'a. Inda take tambaya ko ina cin abinci, ko ina da abokiyar hira, wannan na tsallake shi.

Yaya, rabona da jin yarenmu a bakin wanda ya san ni tun da na dawo daga wankan jegon Zinariya, ga ta yanzu har ta shiga makarantar allo. Akwai Mangawa a kasuwa, mukan gaisa, amma nasu daban da namu, kuma daga gaisuwa ba a ƙara komai. Malam mutumin kirki ne, sai dai rabin shekara yana hanyar Kudu da tattasai. In ya dawo kuma sai tsokanar Fulani da Barebari, wai na kawo masa rediyo mai ciwon maƙogwaro.

Ka ba ni haƙuri a takardarka, wai gefe na biyu na kaset ɗin ya lalace don ta manta ba ta kashe ba. Don Allah gobe ma ka bar ta ta manta. A can ne ake jin kaji, da ƙarar murfin tukunya, da ita tana faɗa da maƙwabciya kan akuyar da ta cinye mata kuɓewa. Shi na fi saurare in na taso daga makarantar da nake koyarwa.

Na rubuto maka ne don kaset kowa na ji, kuma yarenmu a bakina yake, hannuna Hausa aka koya masa. Ga nawa kaset ɗin, ka kai mata in za ka gida. A ciki na ce mata komai lafiya.

Ka gaida matarka da yara. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Mairam


Haɗejiya.
Satumba, 1988.

Yaya Ari,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fata ka dawo daga Ikko lafiya, ka tarar da gida lafiya. Na san labarin ruwa ya riga takardata isa gare ka, to ka kwantar da hankalinka, babu rai ko ɗaya da muka rasa.

Kogin da muka yi ta roƙo ya zo, ya zo da yawa. Da hantsi ya shigo unguwarmu, kafin azahar katangar baya ta zauna. Malam ba ya gari. Na goya ƙaramin ɗana, na ba Zinariya rakoda ta rungume, ni kuma na juye kaset-kaset ɗin Ya Fanna cikin kwalla na ɗora a ka. Hajiya har yau ba ta daina faɗa ba, wai na bar zannuwan aurena a ruwa na ceto robobi.

Yanzu muna zaune a ajin da nake koyarwa, mu da wasu gidajen, an raba da labule. A nan ne tsarabarka ta yi mini rana. Wannan ɗan ƙaramin abin sauraron kaset da ka aiko, wokman, ranar da na fara sa shi a kunne wata tsohuwa ta matso ta miƙo mini hannu, ta ɗauka abin awon likita ne. Ajin ba ya rabo da kukan yara da hayaƙi da cacar baki, amma in na jingina da bango na danna, sai in koma gindin bishiyar tsakar gidanmu, babu wanda zai ce in fassara masa. Batir nake shanyawa a rana, kuma da biro nake mayar da zaren baya don kada ya ƙare da wuri.

Babbar rakodar kuwa ta zama ta unguwa. Matan da mazansu ke Makka ko Ikko sukan zo in sa musu sabon kaset, in nuna musu jan maɓalli, in fita in ba su wuri. Wasu sukan fito suna dariya, wasu suna gyara mayafi a fuska.

Abu ɗaya ke damuna. Ya Fanna ta roƙa a kaset ɗin baya, tana so ta ji jikarta ta gaishe ta da yarenmu. Na zaunar da Zinariya na yi ta koya mata. Ta ce "wushe" can ƙasa-ƙasa, ta tashi da gudu. Daga baya ta gaya mini yara na kwaikwayon maganata a hanyar makaranta, ita ba ta so a haɗa da ita. Ban matsa mata ba. Ka ce wa Ya Fanna yarinyar kunya gare ta.

A gaida kowa. Allah ya bar zumunci.

Taka,
Mairam


Haɗejiya, Jihar Jigawa.
Satumba, 1993.

Zuwa ga Yaya Ari,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya jikin maiɗakinka? Allah ya ƙara sauƙi. Na je Kukawa a dogon hutu, na so in biyo ta wajenka, motar da na samu ba ta nan ta bi ba.

Gaskiyarka game da kunnen Ya Fanna. Ni ma na daɗe ina zargi, don sai in tambaye ta ciwon ƙafarta, amsa ta zo mini kan auren 'yar maƙwabta. Da na shiga ta rungume ni ta yi kuka, muka zauna, na fara ba ta labari, sai na ga bakina kawai take kallo tana gyaɗa kai. Na ɗaga murya har mutanen waje suka leƙo. Yaya, na yi wannan doguwar tafiya don mu yi hira, ashe hirarmu ta kaset ta fi wadda muka yi ido da ido tsawo.

Wata safiya na dawo daga rijiya na tarar ta sa kaset ɗina na bara, ta ƙure murya, ta ɗora tafin hannunta a kan lasifikar, idonta a rufe. Na taɓa kafaɗarta na nuna mata kaina, ga ni a gabanta. Ta yi murmushi ta ce, "Na gan ki. Amma a nan ne nake jin ki." Sai na zauna kusa da ita har kaset ɗin ya ƙare.

Saboda haka kada ka ce in daina aikowa, wai ɓata kaset ne. Zan ci gaba.

A nan gida Malam ya kawo bidiyo. Da yamma yaran unguwa sukan cika zaure da tsakar gida suna kallon fim ɗin Indiya, har a kan katanga. Rakoda ta koma ɗakina, ba mai tambayarta. Matan da ke zuwa ɗaukar murya ma sun ragu, wasu sun sayi tasu, wasu mazan sun dawo, wasu kuma sun gaji da aikawa ba amsa.

Ina gaida yara da sunansu ɗaya bayan ɗaya.

Ƙanwarka,
Mairam


Haɗejiya.
Oktoba, 1998.

Yayana Ari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya. Yaya ƙarin haƙurinmu? Ga shi har shekara ta zagayo. Allah ya jiƙan Ya Fanna, ya haskaka kabarinta.

Akwatin da ka aiko ya iso. Ban san duk kaset-kaset ɗin da na aika mata ta adana su ba. Na sa ɗaya daga na farko-farko, na ji wata yarinya mai zaƙin murya tana rantsuwa komai lafiya. Ban iya kai shi ƙarshe ba.

Zinariya ta samu makarantar koyon aikin jinya a Kano, ta tafi tun farkon damina. Ƙaninta yana makarantar kwana. Hajiya ta rasu, ka sani, Malam kuwa yanzu ya fi zama a Kudu. Gidan da ko wurin shimfiɗa tabarma ba a samu, yau in cokali ya faɗi sai na waiga.

Ranar tafiyarta Zinariya ta ɗauki wokman ɗinka ta sa a jaka, ta ce in riƙa aiko mata da kaset yadda kakarta ke yi mini. Da na je saye, mai shagon ya nuna mini wani faifai mai ƙyalli kamar madubi, ya ce shi ne zai kori kaset. Na tambaye shi ko ana iya yin magana a ciki a aika wa mutum. Ya ce a'a, saurare kawai ake yi. Na ce to ya ba ni irin nawa.

Na zauna na danna jan maɓalli. Na fara da Hausa: ta riƙe salla, ta kula da karatu, ta yi hankali da ƙawaye. Nasiha ta ƙare, zare bai ko yi nisa ba. Ban san lokacin da bakina ya juya yarenmu ba. Tun rasuwar Ya Fanna ban yi doguwar magana da shi ba, sai ya ɓalle. Na faɗi yadda nake dafa abinci in kasa ci, yadda nake barin rediyo a kunne don a ji motsin mutum a gidan, yadda na shekara kusan ashirin a garin nan ana girmama ni ana kirana Malama, amma babu ɗakin da zan shiga in miƙe ƙafa in yi shirme. Na cika gaba da baya. Na ce ai ba ji za ta yi ba, ko ba komai ta ji muryata. Na ba wani direban Kano.

Jiya amsa ta zo. Ashe a ɗakinsu akwai wata yarinya Yagana, 'yar Monguno. Kunne ɗaya ita, kunne ɗaya Zinariya, tana tsayarwa tana fassara mata, ba ta tsallake komai ba. Zinariya ta yi kuka a kaset ɗin, ta yi mini faɗa kan abinci kamar ita ta haife ni. A ƙarshe ta ce, "Mama, ki ci gaba da yi da yarenku. Da Hausa nasiha kawai kike yi mini, da wancan ne kike gaya mini gaskiya."

Yau tun safe sabon kaset na cikin rakoda, na kai hannu na janye ya fi a ƙirga. Kunya nake ji, Yaya, amma zan yi mata kafin direban ya koma.

Alfarma ɗaya nake nema. Kana da mutane a Monguno, ka bincika mini ko Yaganar nan 'yar wane gida ce, in san iyayenta in aika musu gaisuwa. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma yau duk faɗin Kano da Haɗejiya babu wanda ya san cikina kamarta.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Mairam