Kofaton Akawal

Horo Birni, Shagari

Zuwa ga Yaya Haliru, Bodinga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zulaihatu da yara. Mu nan lafiya lau, sai Inna da gwiwarta, ita ma da sauƙi.

Batun Akawal ne, dokin da Baba ya bar mana. Ka san tun bara yake ɗingishi, in ya tsaya sai ya miƙa ƙafar gaba yana dogara bakin kofato. Kawu ya dage a yi masa lalas, har ya sa ƙarfe a wuta, ni kuwa na tare ƙofar barga na ce ba mai ƙona shi ina raye. Na kawo likitan dabbobi. Ya ce wani ɗan ƙashi ne ke cinyewa a cikin kofaton, ba ya warkewa, sai dai a kashe zafin, kuma hawa ya ƙare. Ya yi masa allura, ya bar mini garin magani ina cuɗa masa a dussa. Yaya, da ka ga takunsa yanzu. Rannan har ƙwalla na yi.

Ka gaishe da kowa.

Ƙaninka,
Maniru

Zuwa ga Yaya Haliru.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan jikin kowa lafiya.

Dillalinka ya iso, shi da wani mai sukuwa daga Kajiji. Wai ka ce a yi maza a sayar tun dokin yana taka ƙasa sosai. Ashe abin da ka tsinta a wasiƙata ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban taɓa zaton haka daga gare ka ba.

Na bari suka zagaya da shi, mutumin ya yaba. Sannan na ɗaga kofaton, na gaya masa magani ne ke tafiya, ba doki ba. Na ce in maganin ya ƙare, ko sati ba za a yi ba dokin zai durƙushe a ƙarƙashinsa. Ya yi godiya ya hau babur ɗinsa. Dillalinka ko sallama bai yi mini ba.

Na san kana da haƙƙi a dokin nan. Shi ya sa jiya na je gaban Liman da Kawu, na ce na bar maka rabona na gadon fadamar Danchadi, a bar mini Akawal. Kawu ya ce na haukace, na ba da ƙasar albasa don gurgun doki. Na ji, kuma ban janye ba. Ka zo ka kama fadamarka, kada ka ƙara turo mini kowa.

Ina gaida yara.

Ƙaninka har gobe,
Maniru