Ranar da Na Zauna a Kan Guga

Tudun Kaya, Ƙaraye.

Zuwa ga aminina Hammawa, a Tasawa ta ƙasar Nijar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya iyali? Yaya ƙafar nan taka, da fatan ta bar damunka. Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Saƙonka ya iso, kuma wallahi ya hana ni cin abinci. Wai ɗanka Zubair zai bi hamada zuwa Libiya neman aiki, tunda an ce Tudun Kaya ba ta son baƙi. Ban ga laifinku ba. Bara da aka sace shanu, Ɗanmaliki shugaban 'yan sintiri ya ce ku ne idon ɓarayi, kuka tattara ku goma sha biyu kuka tafi. Ni da na yi shekara tara ina mai masaukinka, na yi gum. Kunyar nan ba ta sake ni ba har yau. Bana ko mutum ɗaya daga wajenku bai zo cirar gyaɗa ba.

To, ji abin da na yi. Ranar Juma'a na riga kowa zuwa rijiyar masallaci, wadda kai ka haƙa da hannunka, na naɗe igiya na zauna daram a kan guga. Jama'a suka taru da butoci, ga lokacin salla yana matsowa. Na ce musu, "Duk wanda ya yarda Hammawa ɓarawo ne, ya nemi wani ruwan alwala. Wanda bai yarda ba, ya faɗa da ƙarfi, in ba shi guga."

Ka san ni da taurin kai. Liman ne ya fara cewa bai yarda ba, yana dariya. Ɗanmaliki ya daɗe yana kallon butarsa, amma ya faɗa, kowa ya ji.

Don Allah ka riƙe yaron nan, ka turo mini shi.

Naka har kullum,
Barau.

*

Aminina Hammawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, albishirinka. Zubair ya iso jiya da azahar, shi da samari shida da suka fasa zuwa Libiya. Sun ce labarin gugan nan ya zagaye kasuwarku kaf. Ba zan ɓoye maka ba, kaina ya kumbura, har mai ɗakina Saude tana tsokanata wai hula ta yi mini kaɗan.

Ka san wa ya ɗauko Zubair a babur daga tashar Ƙaraye? Ɗanmaliki. Kuma ba ni na aike shi ba.

Ka gaida mutan gida. Ɗakinka na zaure yana nan a share. Saura kai.

Naka,
Barau.