Shuɗiyar Wayar da Ban Cire Ba

Iskandariya, ranar Asabar

Zuwa ga Kawu Midhat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, ka yafe mini ƙarfin halin rubuto maka, ni da ko a tarho sai Mama ta matsa mini nake iya gaishe ka. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Sawsan da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a zamanka na Kuwait. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Kaka ta yi sauƙi, Mama kuma ta ce ka rame a hoton da ka aiko. A takarda na rubuto, maƙwabcinmu da zai dawo wajenku zai kawo maka, domin kwamfutar da ka haɗa mana ta daina shiga intanet, kuma laifina ne.

Ka tuna shuɗiyar wayar intanet ɗin da ka jawo daga wurin Baffa Ra'afat a hawa na huɗu, ta bi bango ta waje ta shigo tagarmu? Ka manna takarda a jikin kwamfutar cewa idan hadari ya taso a cire wuta, a cire shuɗiyar ma. Ranar babban ruwan nan na hunturu na cire wuta, amma na bar ta, don a tunanina ba wuta take ɗauka ba. Da la'asar tsawa ta faɗi kusa, har gilashin tagogi ya girgiza. Washegari kwamfutar ta tashi lafiya, sai dai ƙananan fitilun nan biyu da ke bakin ramin wayar ba su kama ba.

Kwana biyu kafin ruwan, Baba da Baffa sun yi cacar baki a kan rufin bene, don Baffa na so ya faɗaɗa ɗakin tattabarunsa zuwa inda Mama ke shanya. Da Baba ya ji babu intanet, bai tambayi kowa ba. Ya ce ai ya san hali, Ra'afat tun suna yara in aka yi faɗa sai ya ɗauke ƙwallonsa ya tafi. Baffa ya aiko cewa bai taɓa komai ba, Baba ya hau ya duba, in tumbinsa zai bar shi ya hau bene biyu. Baba ya rantse ba zai taka hawa na huɗu ba sai an mayar da wayar. Juma'a ta wuce bai je cin abinci wurin Kaka da ke zaune tare da su Baffa ba, karo na farko tun da na yi wayo. Kwandon da Gwaggo Afaf, matar Baffa, ke zurowa da igiya daga barandarsu ya daina tsayawa a tamu, sai ya wuce ƙasa wurin mai burodi, Mama na kallonsa. Ni kuwa na yi shiru. Tsoro nake ji, kuma ina fatan in gyara kafin kowa ya sani.

Duk abin da na koya a makaranta na gwada. Na kashe na kunna, na zare wayar na hure ramin na mayar. A jerin kayan da kwamfutar ke gani a jikinta, katin intanet ya fito da alamar rawaya, bayan kwana biyu ya ɓace. Na sa faifan da ka bari a kwali don in sake ɗora manhajarsa, ya ce bai ga katin ba. Na shiga shuɗin shafin saiti da ake buɗewa kafin kwamfuta ta gama tashi, na tarar katin a kunne yake. Da na gaya wa malamarmu ta kwamfuta, ta ce in daina wahalar da na'ura, in gwada wayar a wata. Nuha 'yar Baffa ta zuro mini kwamfutarta ta cinya a cikin kwandon, naɗe da tawul, da takarda cewa in ta fashe za ta aske mini kai. Ina soka wayar fitila ta kama, shafi ya buɗe. Baffa bai cire komai ba. Na haska ramin namu da tocila, na ga haƙoransa biyu sun yi baƙi.

Jiya da safe Baba ya fito da almakashi, ya ce zai datse wayar ya jefa musu abarsu, sannan ya sa kwaɗo a ƙofar rufin. Kaka tana sama tana kiran sunansa. A nan na tsaya gabansa na faɗa masa komai, idona a ƙasa. Ya ce in nuna masa. Na soka a ta Nuha, ta kama, na mayar tamu, shiru. Ya daɗe yana kallon takardarka da ke manne. Ya tambaye ni kwana nawa ke nan, na ce tara. Ya ce kwana tara na bar shi yana zagin ɗan'uwansa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ajiye almakashin, ya sa takalmi, muka ji shi yana hawa a hankali.

Ban san abin da suka ce wa juna ba. Har yanzu Baba bai yi mini magana ba. Amma ɗazu da azahar kwandon ya sauko ya tsaya daidai barandarmu, da tattabaru huɗu gasassu a ciki, Mama ta ɗauka tana share ido.

Kawu, malama ta ce katin a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar yake, ba ya ciruwa, sai dai a sa wani daban a kashe tsohon. Ban taɓa buɗe kwamfutar ba, kuma ba zan buɗe ba sai da izininka. Ka faɗa mini irin wanda ya dace da ita. In ka kira Baba, don Allah kada ka roƙa mini, na fi so ya huce da kansa.

Ka gaishe mini da Anti Sawsan, da Tamir da ƙaramar Jana. Kaka da Nuha suna gaisuwa. In ban dame ka ba, ka yarda in sake rubuto maka?

'Yarka,
Nurhan